Yini guda a cikin Laffey, jirgin da ya ƙi nutsewa

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsohon sojan Burma ne. Labarin daji ba ya son bayarwa; in aka matsa masa sai ya ɗauki buta ya ce lokacin salla ya yi. Amma labarin teku, ko ba a tambaye shi ba yakan ɗauko. Yakan ce da aka kwashe su daga Ikko za a kai su Indiya, mako da mako suna bisa ruwa, ba ƙasa ba alamarta, abin da ke kwantar masa da hankali shi ne wasu ƙananan jiragen yaƙi masu tsananin gudu da ke yi wa babban jirginsu rakiya. Yanzu ka gan su a dama, an jima sun ɓullo ta hagu, kamar karen makiyayi a gefen garke. "Mutanen cikinsu ba sa barci," in ji shi, "don mu mu samu mu yi." Da wannan maganar a kunne na girma, amma ban taɓa sa ƙafa a irin jirgin ba sai da furfura ta cika mini kai.

Ziyara ce ta kai ni Amurka, wajen 'yata ta fari da ke aikin jinya a birnin Charlotte, jihar Karolina ta Arewa. Da na yi mako biyu daga falo sai masallacin Juma'a, surukina ya ce, "Baba, ranar Asabar za mu kai ka ka ga teku." Muka fita bayan asuba, ni da shi da ita da jikana ɗan shekara tara, muka yi kudu. Tafiyar awa uku da rabi ce zuwa Charleston a Karolina ta Kudu. Muna hawa gadar Ravenel, wadda ke rataye da igiyoyin ƙarfe a kan kogin Cooper, yaron ya buga gilashin mota ya ce, "Kaka, ga shi can!"

Abin da ya nuna Yorktown ne, jirgin dakon jiragen sama na zamanin yaƙin duniya na biyu, tsawonsa ya haura mita 260, yana girke a wurin da ake kira Patriots Point kamar unguwa guda a kan ruwa. Kusan duk wanda ya sayi tikiti can yake nufa. Sai da muka bi doguwar gadar da ke kaiwa gare shi na lura da wani a gefensa, siriri, toka-toka, an rubuta 724 da farin fenti a goshinsa. Kusa da Yorktown kamar ɗan maraƙi ne a gindin giwa. Ina ganinsa na gane shi, ko da yake ban taɓa ganin irinsa ba. Na ce musu su je babban, ni ga nawa nan. 'Yata ta ce, "Baba, tsanin cikinsa a miƙe suke, ka bi gwiwarka a hankali." Jikan ya yi ɗan jim, ya dubi babban jirgi, ya dube ni, ya kama hannuna.

Sunan jirgin Laffey. Irinsa ake kira distiroya, wato mai rugurguzawa, amma sojojin ruwan Amurka da ke aiki a cikinsu gwangwani suke ce musu. Wani dattijon Bature da ke tsaye a bakin shiga, cikin masu aikin sa-kai a wurin, wanda shi ma ya yi ƙuruciyarsa a irin wannan jirgi, ya ce in ƙwanƙwasa jikinsa in ji. Na ƙwanƙwasa. Ƙarfen bai wuce kaurin yatsa ba. Ba a yi masa sulke irin na manyan jirage, don duk nauyin da aka ɗora masa gudu yake ragewa, shi kuwa gudu ne jarinsa. Tsawonsa mita 115, faɗinsa bai kai 13 ba, nauyinsa tan 2,200, kuma yana iya gudun kilomita 60 da ɗoriya a awa. Manyan igwoyinsa shida ne, masu bakin inci 5, bibbiyu a ɗakunan ƙarfe uku masu juyawa, biyu a gaba ɗaya a baya. A wannan ɗan tsukin mutum 336 suka zauna.

An sa masa sunan Bartlett Laffey, wani ɗan asalin Ayalan da ya sami lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka saboda tsayuwar da ya yi a kan igwarsa a 1864, lokacin yaƙin basasarsu. Shi ne jirgi na biyu da ya ɗauki sunan. Na farkon ya nutse a daren 13 ga Nuwamba 1942 a kusa da Guadalcanal, bayan ya yi gaba da gaba da Hiei, ƙaton jirgin yaƙin Japan da ya ninka shi nauyi fiye da sau goma. A wannan daren akwai wani hafsa, Frederick Julian Becton, a wani jirgin da ke cikin faɗan, Aaron Ward. Bayan wata biyar, yana kwamandan Aaron Ward ɗin, jiragen saman Japan suka nutsar da shi. To wannan mutum, wanda ya riga ya ɗanɗana yadda jirgi ke zamewa daga ƙarƙashin ƙafar mai shi, shi aka damƙa wa sabon Laffey. An fara ƙera jirgin a Bath, jihar Maine, ranar 28 ga Yuni 1943, aka tura shi ruwa a Nuwamba, ya shiga aiki 8 ga Fabrairu 1944. Wata bakwai da 'yan kwanaki ke nan daga farantin ƙarfe na farko zuwa ɗaga tuta.

Dattijon ya kai mu can gaba kusa da anga ya ba mu labarin Cherbourg. Laffey na cikin jiragen da suka raka sojojin ƙawance gaɓar Normandy ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944. Ranar 25 ga watan, suna luguden wuta a kan sansanonin Jamus a Cherbourg, wani ƙaton harsashin igwa ya bugi ruwa, ya yi tsalle, ya huda goshin jirgin ya kwanta a ciki bai fashe ba. Sojojin suka lallaɓa shi suka mirgina shi teku. Na ce a raina, mai rabon ganin baɗi sai ya gani. Daga nan aka juya da jirgin tekun Pasifik, ya yi Leyte da Ormoc da Lingayen a Filifin, ya yi Iwo Jima, kana Okinawa, tsibiran Japan biyu.

Kafin mu kai ga labarin Okinawa sai da muka sauka ciki, kuma ina ganin haka ya kamata kowa ya yi. Ƙofofin ƙanana ne, kowace da dokin ƙofa mai tsayi da sai ka ɗaga ƙafa, kowace da maƙullan da ke toshe ruwa. A ɗakin kwana gadaje hawa uku ne rataye da sarƙa, tsakanin hancinka da bayan na samanka bai fi kamu biyu ba. Kayan mutum duka a ɗan akwati guda suke. Kicin ɗin da ke ciyar da mutum ɗari uku da wani abu sau uku a yini bai fi shagon mai shayi mai ɗan hali girma ba. Jikana ya tambaya ina tagogi suke. Babu. A hotunan da aka liƙa a bango na tsaya ina duban fuskoki, yawancinsu yara ne, 'yan shekara goma sha takwas zuwa ashirin da kaɗan, da yawansu ba su taɓa ganin teku ba kafin a ɗauke su. Kwamandan da suke yi wa kallon tsoho shekararsa 36.

A ɗakin cin abincin hafsoshi na daɗe. A wancan zamanin, baƙar fata a irin waɗannan jirage galibi aikin hidima ake ba su: dafa wa hafsoshi, jera faranti, gyara gado. Amma in an buga ƙararrawar yaƙi kowa yana da wurin tsayuwa, kuma da yawansu miƙa harsashi suke yi ko su tsaya a kan bindiga, wuta kuwa ba ta tambayar launin kowa. Sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar hana wariya a rundunonin ƙasar. Daga saman jirgin, in ka dubi ƙetaren kogi, kana hango bakin ruwan Charleston inda aka sauke dubun-dubatar bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Mai yiwuwa jikokin wasunsu ne suka jera farantan nan. Na tuna Baba, wanda shi ma aikinsa a Burma ɗaukar akwatin harsashi ne a ka, a dazuzzukan da mota ba ta shiga, a ƙarƙashin hafsoshin Ingila.

Wurin da ya fi riƙe ni shi ne bakin ramin da ke sauka ɗakin tukunyar tururi. Shekara ashirin da shida na yi ina aikin bwaila a wata masaƙa a Kaduna, saboda haka da na leƙa na ga bututai a naɗe da farin rufi, ga bawul-bawul, ga geji, sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙon wuri. Tukwane huɗu ke cikin Laffey. Baƙin mai suke ƙonawa, su tafasa ruwa ya zama tururi mai matsin da ya kai fam 600, tururin ya juya injina biyu, injinan su juya farfela biyu da ƙarfin doki 60,000. Tamu ta masaƙa ko kusa da wannan matsin ba ta kai ba, amma na ga abin da ɗan tsagin bututu ya yi wa hannun abokin aikina. Tururi mai irin wannan zafin ba a ganinsa da ido in yana tsiyaya, sai dai a ji ƙararsa. Masu aikin nan suna ƙasa da layin ruwa, ba sa ganin sama, ba su san abin da ke zuwa ba. Abin da ya haɗa su da duniya ƙararrawa ce da allura a kan faranti mai nuna umarnin kwamanda: ƙara gudu, rage gudu, koma baya. In jirgi zai nutse, su ne na ƙarshen fita, in sun fita.

Na yi wa jikana wannan bayani da Hausa, yana gyaɗa kai, rabin maganar na wuce shi. Ya ce, "Kaka, kai ma za ka iya tayar da shi?" Na ce in an ba ni mutane da mai da kwana biyu, zan gane hanyarsa.

Daga nan dattijon ya kai mu baya, ɗakin igwa na uku, wanda suke kira lamba 53. Ana shiga ciki a tsaya a nuna wa mutum ɗan gajeren fim na ranar 16 ga Afrilu 1945, da ƙara kamar ta gaske. Amma kafin mu shiga ya tsaya ya warware mana yadda aka yi jirgin ya sami kansa a wurin.

Amurkawa sun sauka Okinawa ranar 1 ga Afrilu da jirage fiye da dubu. Japan, da ƙarfinta ya riga ya ƙare a teku, ta koma turo matuƙan jiragen sama su faɗa kan jiragen ruwa da bam a jikinsu, su mutu tare. Su ake kira kamikaze. Don kada a mamaye babbar rundunar ba shiri, sai aka zagaye tsibirin da wuraren gadi, a kowanne a ajiye distiroya mai na'urar rada ya hango masu zuwa ya yi shela. Illar ita ce mai gadi shi ne farkon wanda maharin zai gani, kuma matuƙin da bai ƙware ba, mai na ƙare masa, ba ya wuce abin da ya fara gani. Wurin gadi na 1, kimanin kilomita 50 arewa da Okinawa, shi ke kan hanyar da ta miƙe daga Japan. Ranar 6 ga Afrilu aka nutsar da distiroya biyu, Bush da Colhoun, a wannan yankin. Ranar 12 aka ji wa wani distiroyan, Cassin Young, rauni a nan. Da aka ce Laffey ya je ya karɓi wurin, kowa a cikinsa ya san lissafin.

Wajen ƙarfe takwas da rabi na safe rada ta cika da ɗigo-ɗigo, jirage kusan 50 na tahowa daga arewa. Wasu jiragen saman Amurka suka tare wani kaso, 22 suka yi kan Laffey. Huɗun farko sun rabu biyu, biyu ta gaba biyu ta baya, 'yan igwa suka kakkaɓo su duka. Suka ƙara kakkaɓo wasu. Sannan aka fara samun jirgin. Ɗaya ya faɗo kan ƙananan bindigogin da ke baya, man jirgin sama ya malale yana ci da wuta. Wani ya daki wannan ɗakin igwa da muke tsaye a ciki, wani ya biyo shi ya sake dukan wurin. Bam ya faɗi a baya ya cije abin juya jirgi a digiri 26 hagu, ya zama Laffey ba ya iya komai sai kewaya wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke, ga hayaƙi ya turnuƙe sama yana nuna wa kowa inda yake. Jiragen saman Amurka huɗu ƙirar Wildcat daga jirgin dako Shamrock Bay suka shigo faɗan har harsashinsu ya ƙare, kana wasu ƙirar Corsair na sojan kundumbala suka iso. Ɗayansu, garin bin wani ɗan Japan, ya daki eriyar radar jirgin ya karya ta. Minti 80 aka yi ana wannan. Da ƙura ta lafa, jirage shida sun faɗa wa Laffey, bam huɗu sun same shi, mutum 32 sun mutu, 71 sun ji rauni. Kusan ɗaya cikin kowane uku ke nan.

Da fim ɗin ya ƙare jikana yana riƙe da rigata da hannu biyu. Ni kuwa abin da ya zo mini daban ne. Mu a Hausa muna da sunan wannan abu tun kafin mu gan shi da ido, ƙunar baƙin wake, kuma wanda ya zauna a Kaduna ko Kano ko Maiduguri a shekarun da bama-bamai suka yi ta tashi ba sai an fassara masa ba. Ba na haɗa su a ma'auni guda. Matuƙan Japan sojoji ne suka nufi sojoji, waɗanda suka addabe mu kuwa 'yan kasuwa da masallata suka kashe. Amma tsoron da ke kama mutum in ya san mai nufo shi ya riga ya sallama ransa, ba barazanar da za ta juya shi, wannan tsoron na san shi. Kuma na ji tausayin yaran da ke cikin jiragen saman, don su ma yara ne, da yawansu ɗalibai aka ciro daga jami'a, manya suka lissafa rayukansu kamar harsashi.

Akwai maganar da ta yi suna daga wannan rana. Ana tsakiyar wuta wani ƙaramin hafsa, Frank Manson, ya tambayi Becton ko za a bar jirgin. Ya ce ba zai taɓa barinsa ba muddin akwai bindiga guda da ke iya harbi. Magana ce ta namiji, kuma ya cancanci lambar Navy Cross da aka ba shi. Sai dai ni, da idon ɗan bwaila, ga abin da na gani. Tun da abin juya jirgi ya cije, dabara guda ta rage wa kwamandan, ita ce wasa da gudu. In mahari ya saito shi sai ya nemi cikakken gudu don ya kuskure, in wuta ta yi ƙarfi a baya sai ya rage don kada iska ta hura ta. Kowane umarni cikin waɗannan, wani yaro ne a can ƙasa zai buɗe bawul, wani ya ƙara mai a wuta, wani ya sa ido kan gejin ruwa, don in ruwa ya yi ƙasa tukunya ta ƙone, in ya yi sama ya shiga inji ya farfasa shi. Saurin canza gudu shi ne abin da tukunya ta fi ƙi. Suna yin haka jirgi na girgiza, fankokin da ke kawo musu iska suna jawo hayaƙi, suna jin duka a saman kansu ba su san ko na gaba a kansu zai sauka ba. Injin Laffey bai tsaya ba. Haka masu kashe gobara, da suka ja tiyo suka shiga inda harsasai ke fashewa don zafi, suna ɗauka da hannu suna jefawa teku, aka kuma cika rumbun albarushin baya da ruwa don kada ya tashi da jirgin gaba ɗaya. Da ɗaya cikin waɗannan ya saki aikinsa ya gudu, da maganar kwamandan ta bi ruwa tare da shi.

Na faɗa wa dattijon haka da ɗan Turancina. Ya dube ni ya tambayi aikin da na yi. Da na gaya masa sai ya sake miƙo mini hannu muka gaisa karo na biyu. Ya ce shi ma a ƙasa ya yi nasa aikin.

An ja jirgin zuwa Okinawa, bayansa ya nutsa sosai, aka toshe ramukan, ya kama hanya da injinsa har jihar Washington a ƙarshen watan Mayu. A Seattle aka buɗe shi dubban mutane suka shiga suka ga ɓarnar, don a jawo ma'aikata zuwa wuraren gyaran jirage. Kafin a gama gyara yaƙi ya ƙare. A 1946 yana cikin jiragen da suka yi hidima a gwajin bam ɗin nukiliya a Bikini. Aka ajiye shi a 1947, aka sake tayar da shi a Janairu 1951 saboda yaƙin Koriya, inda a 1952 ya yi musayar wuta da igwoyin gaɓa a tashar Wonsan, ya koma gida ta mashigin Suwez, ya zama ya kewaye duniya. Rikicin Suwez na 1956 ya sake kai shi Bahar Rum. A 1962 aka yi masa babban garambawul don farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet, har da ɗakin ajiye ƙaramin helikwafta marar matuƙi. Shi ya sa siffar da mai ziyara ke gani yau ta shekarun 1960 ce, ƙananan bindigogin da aka yi faɗan Okinawa da su an cire su tuntuni. A Maris 1975 aka sallame shi, shi ne na ƙarshe a jiragen ajinsa da ya bar aiki. Shekara 31 ke nan, kuma dubban samari sun ratsa ta cikinsa waɗanda ba su ga Okinawa ba, aikinsu gadi da fenti da kankare tsatsa da kewar gida. Su ma mutanen Laffey ne.

An kawo shi Patriots Point a 1981, aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1986. Abin da kamikaze suka kasa, tsatsa ta kusa yi. A ƙarshen 2008 aka tarar ruwa na shiga ta ramuka masu yawa a ƙasansa, har ana fargabar ya nutse a inda yake ɗaure. Gwamnatin jihar ta ba da rancen dala miliyan 9 da ɗoriya, aka ja shi wurin gyara a 2009, aka yanke ruɓaɓɓen ƙarfe aka yi waldar sabo, ya dawo mazauninsa a Janairu 2012. Dattijon ya ce tsofaffin ma'aikatan jirgin suna da ƙungiya, kuma shekara da shekaru suna zuwa da kuɗin aljihunsu su kwana a cikinsa suna fenti da gyara, yanzu 'ya'ya da jikoki ke karɓa. Sunayen mutum 32 ɗin nan a rubuce suke ɗaya bayan ɗaya, da aikin kowa da inda yake tsaye sa'ad da ajali ya same shi.

Wannan ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Masaƙar da na ba ƙuruciyata, ranar da aka rufe ta ko sallama ba a yi mana ba. Da na koma bayan wasu shekaru, ciyawa ta fi ni tsawo a ɗakin bwaila, an kwance tagulla da duk abin da zai sayu, tukunyar da na yi shekaru ina shafawa kamar doki ta zama gidan jemagu. Mutum dubbai suka ci abinci a wurin, ba ko allo guda da ke cewa sun taɓa wanzuwa.

Muka fito sama iska na kaɗawa daga bakin teku. Na jingina da dogarin ƙarfe ina lissafi. A watan Afrilun 1945 ɗin nan, runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma tana cikin tsaunukan Arakan a Burma, tana tura sojan Japan kudu wajen Taungup. Wato safiyar da yaran nan ke jan tiyo cikin wuta, Baba na wani daji da akwati a ka, abokin gaba guda suke fuskanta, ba wanda ya san da wani. A Kaduna kullum muna wucewa ta barikin Kalapanzin da na Dalet, a Zariya ga barikin Chindit, a Ikko ga Myohaung da Arakan. Yara na ɗauka sunaye ne kawai na soja. Uku daga ciki koguna ne da garuruwan Burma inda iyayenmu suka zub da jini, Arakan yankin ne gaba ɗaya, Chindit kuma rundunar da bataliyoyin Najeriya uku suka yi yaƙi a cikinta a 1944, a bayan layin Japan. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu na jikin bangon tunawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon, inda 'yan uwansu ƙalilan ne suka taɓa zuwa.

Na ba jikana labarin ƙananan jiragen da ke kewaya babban jirgi kamar karen makiyayi, da maganar da kakan mahaifiyarsa ke yi a kan masu hana kansu barci. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "Kaka, shi jirgin da ya ɗauke shi, yaya sunansa?"

Shekara talatin da wani abu na yi tare da Baba, na ji labarin nan ya fi sau ɗari, ban taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Muka tarar da iyayensa a bakin gada sun gaji da hawa da sauka a Yorktown. Na yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa gefen wurin ajiye motoci, muka haɗa azahar da la'asar ni da surukina. Na yi wa Baba addu'a, da abokan tafiyarsa da suka dawo da waɗanda ba su dawo ba. Da muka shafa na duba agogo, a Zariya tara da rabi na dare ta yi. Na kira yayata, wadda ke zaune a gidanmu na gado.

"Yaya, kin kwanta?"

"Ban kwanta ba. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Akwatin ƙarfen nan na Baba, mai lambobinsa da littafin sallamarsa na soja, yana nan?"

"Yana nan ƙarƙashin gadon Inna inda ya bar shi. Me ya tuno maka da shi a ƙasar mutane?"

Na ce jikanta ne ke son sanin sunan wani jirgi, ko Allah zai sa an rubuta a cikin takardun. Ta yi shiru kaɗan, na ji tana gyara zama.

"To," ta ce, "bari gari ya waye in nemo mabuɗin."